Abin da Mai Shuka a Tukunya Zai Duba Kafin Ya Sayi Ƙasa a Zariya

Duk wanda ya taɓa ɗebo ƙasar gona ya cika bokiti ko baƙar leda da ita ya dasa tumatir ya san yadda lamarin yake ƙarewa. Makonni biyun farko shukar tana kore shar, daga nan sai ƙasar ta dunƙule kamar bulo, ruwan da aka zuba ya kwanta a samanta ko ya bi gefen leda ya tsiyaye, ganye ya soma yin rawaya, mai shukar kuma ya ɗora laifin a kan iri ko rashin takin zamani. Ƙasar da ta ba da masara mai kyau a gonakin Shika, kusa da Zariya, tana iya kashe tumatir a tsakar gida, domin abin da ya fi ƙaranci a cikin tukunya shi ne iska, kuma ita ce mai saye ya fi mantawa da ita idan ya tsaya ciniki a gaban mai baro.

Saiwa tana numfashi kamar kowane abu mai rai, kuma iskar da take shaƙa tana zaune ne a ƙananan ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. A gona ruwan sama yana da zurfin da zai bi ya sauka, amma tukunya tana da gindi, saboda haka ko an huda ta sau goma, wani sashe na ƙasar da ke can ƙasa yana nan jiƙe sharkaf bayan tsiyaya ta tsaya. Wanda ya jiƙa soson katifa ya kwantar da shi har ya daina ɗiga, sannan ya miƙar da shi tsaye, zai ga ruwa ya sake zubowa. Haka nan gajeren mazubi ya fi dogo riƙe ruwa, ko da abu ɗaya aka zuba musu. Yayin da ƙwayoyin suka ƙara laushi, wannan jiƙaƙƙen sashe yana ƙara tsawo. Shi ya sa shimfiɗa tsakuwa a gindin tukunya, al'adar da mutane da yawa suka riƙe, ba ta magance komai, sai dai ta ɗago sashen da ya jiƙe zuwa kusa da saiwa ta kuma rage wurin da shukar za ta miƙe. Abin da masu rainon tsirrai suke nema shi ne haɗin da bayan ya sha ruwa ya tsiyaye, kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na girmansa zai zama iska, tsaminsa kuma ya tsaya tsakanin 5.5 da 6.5 a ma'aunin pH.

An daɗe da gane wannan. A shekarun 1930 cibiyar John Innes ta Ingila ta fitar da haɗinta na ƙasa kashi 7, ruɓaɓɓen gansakukan da ake kira fit kashi 3, yashi kashi 2, sannan a shekarun 1960 Jami'ar Konel ta Amurka ta fito da haɗin da babu ƙasa a cikinsa ko kaɗan. Mu a Zariya muna da ƙarin matsala guda, wato tukunya ɗaya ce za ta jure ruwan watan Agusta, lokacin da ake kwanaki ana tafkawa, ita ce kuma za ta jure busasshiyar iskar hunturu da zafin Maris da Afrilu, lokacin da leda kan bushe kafin azahar. Haɗin da ya dace da ɗayan kaɗai zai ci amanar mai shi a ɗayan.

Abin da aka fi samu, kuma ya fi araha, shi ne baƙar ƙasa da yashi da takin shanu, kuma da shi ake rainon yawancin dashen mangwaro da gwaiba da darbejiya da ake jerawa a bakin titi. Ga dashen itace a doguwar leda, wannan haɗi ya wadatar, domin nauyinsa yana hana iska kayar da shukar, ƙasar kuma tana riƙe abinci. Sai dai a nan ne aka fi yaudarar mai saye. Yashin da ake buƙata shi ne mai gwari, wanda ake jin kaushinsa tsakanin yatsu; rairayi mai laushi yana shiga ramukan iska ya toshe su, idan kuma ya haɗu da laka sai a sami wani abu mai kama da kwaɓin gini. Lita ɗaya ta busasshen yashi ta kai kilo 1.5, wato bokiti mai lita 20 ya kai kilo 30 tun kafin ya sha ruwa, abin da mai shuka a bene ko a saman daɓe ya kamata ya lissafa. Baƙin launi kuma ba shaida ba ne. Na taɓa sayen baro uku na abin da aka ce mini baƙar ƙasar fadama ce, da na tankaɗe sai ga toka da fasassun kwalabe da matattun batura, ashe daga juji aka kwaso ta, kuma irin barkonon da na zuba a ciki bai tsira ba. Ƙasar gona kuma tana zuwa da 'ya'yan ciyawa, da ƙananan tsutsotsin da ke sa saiwar tumatir ƙulluwa, da cutar da ke sa jariran tsirrai su ruɓe daga gindi su faɗi. Wanda zai yi amfani da ita ya jiƙa ta, ya baza, ya rufe da farar leda mai ganin ciki na tsawon mako 4 zuwa 6 a zafin bazara.

Shi kuwa taki, sharaɗinsa shi ne ya ruɓe sarai: ya huce, ya yi laushi, ya daina wari, a kasa gane abin da yake a da. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa saboda gishiri da iskar amoniya da ke fita daga cikinsa, kuma ko ruɓaɓɓen taki bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na haɗin ba, domin yana ci gaba da ruɓewa a cikin tukunya, ƙasar ta lotsa, iska ta ragu.

A ganina, buntun shinkafa shi ne abin da ya fi cancantar kuɗin mai shuka a wannan yanki, kuma shi ne aka fi wulakantawa, ana tara shi tsibi-tsibi a bayan injinan casa har a banka masa wuta. Ba shi da nauyi, yana buɗe ƙasa iska ta shiga, kuma saboda sinadarin silika da ke jikinsa, wanda ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, ba ya saurin ruɓewa, don haka ramukan da ya buɗe suna daɗewa. Amma buntu iri-iri ne, kuma dole mai saye ya sa hannu ya duba. Ƙananan injina suna niƙe shi tare da dusa, irin wannan kuma yana yin zafi da hunhuna idan ya jiƙe, ga shi ya rasa kaushin da ake nemansa dominsa. Wanda ake so shi ne cikakken ɓawo, musamman na shinkafar da aka turara kafin a casa, domin turarawar ta kashe ƙwayar shinkafa da 'ya'yan ciyawar da ke ciki. Idan aka ƙona shi sannu a hankali ya zama gawayi, yana ƙara riƙe ruwa kuma ya fita da tsabta, sai dai a kula kada ya koma farar toka, domin toka tana kashe tsamin ƙasa har shuka ta kasa jan sinadarin ƙarfe, sabon ganye ya fito fari-fari. Rauninsa shi ne ɗanyensa ba ya riƙe ruwa sosai, saboda haka kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku ya isa.

Garin katako yana jan hankali saboda kusan kyauta ake samunsa a wurin 'yan katako, amma ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da shi suna ƙwace sinadarin naitirojin, wanda ke sa ganye kore, daga bakin shuka, ganye ya yi rawaya duk da an zuba taki. Sai ya yi watanni a tsibi tare da kashin dabbobi kafin ya shiga tukunya. Ɓawon gyaɗa da aka daddaka yana buɗe ƙasa, amma ya fi buntu saurin ruɓewa, gara kuma tana son sa.

Daga cikin waɗanda ake saye a shago, garin ɓawon kwakwa, wanda masu sayarwa ke kira kokofit, shi ne ya fi dacewa da mu. Yawancinsa daga Indiya da Siri Lanka ake shigowa da shi a matse kamar bulo, kuma bulo mai kilo 5 yana kumbura ya ba da kusan lita 60 zuwa 70 idan ya sha ruwa, saboda haka da lita ya kamata a kwatanta farashinsa da na sauran. Yana riƙe ruwa da iska tare, tsaminsa daidai yake, idan kuma ya bushe ƙayau a hunturu yana karɓar ruwa nan take. Tambayar da za a yi wa mai sayarwa ita ce ko an wanke shi, domin wanda ba a wanke ba yana ɗauke da gishiri mai yawa. Idan babu tabbaci, a jiƙa shi a tsiyaye sau biyu ko uku. Ba shi da abincin kirki a jikinsa, dole a ciyar da shukar. Fitmos, wato ruɓaɓɓen gansakukan nan da ake tonowa a Kanada da arewacin Turai, tsaminsa yana tsakanin 3.5 da 4.5, sai an gyara shi da garin farar ƙasa, idan ya bushe kuma ruwa yana zamewa a kansa, ga tsadar jigila. Ban ga dalilin da zai sa mai shuka a Samaru ko Tudun Wada ya bi shi ba. Falayit, fararen ƙwayoyin nan marasa nauyi da ake samu ta hanyar gasa wani dutsen aman wuta a zafin da ya haura digiri 800, aikin buntu yake yi da kuɗi mai yawa. Bamikulayit, wani ma'adini da ake gasawa ya kumbura, yana da amfani wajen rufe iri a farantin raino mai ramuka, amma a babbar tukunya yana murƙushewa.

Kafin a sayi tifa ko buhuna, a karɓi ɗan samfur a gwada. A sami mazubi mai lita ɗaya, a huda gindinsa a toshe hujin, a cika shi da haɗin ba tare da dannawa ba, a zuba ruwa sannu a hankali har ya bayyana a sama, a bar shi ya jiƙa, sannan a buɗe hujin a tari abin da ya tsiyaye. Ruwan da ya fita shi ne gurbin da iska ta shiga: mililita 100 zuwa 200 ya yi kyau, abin da ya gaza 100 yana neman ƙarin buntu, wanda ya wuce 300 kuwa zai wahalar da mai ban ruwa a bazara. A kuma zuba 'ya'yan alayyafo a wani ɓangaren samfurin a jira mako guda, domin idan akwai gishiri ko ɗanyen taki, tsiron zai nuna.

Mai rainon irin tumatir da barkono da kabeji a faranti ya sayi kokofit wankakke ya gauraya da ɗan gawayin buntu, kada ya sa ƙasa ko kaɗan, tunda ramukan faranti gajeru ne. Mai kayan miya a bokiti ko buhu zai ji daɗin kashi biyu na ƙasar da rana ta gasa, kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki da kashi ɗaya na buntu, idan kuma aljihu ya yarda, ya maye rabin ƙasar da kokofit. Mai amfani da tukunyar yumɓu ya ƙara abin da ke riƙe ruwa, domin jikinta yana tsotse laima, mai roba da leda kuwa ya ƙara buntu, ya kuma ɗora mazubansa a kan bulo kafin ruwan Agusta ya kankama.