Asabar 11 a filin tseren motoci da tsohuwar Crown Victoria

Tun watan Afrilu nake zuwa wani ƙaramin filin tseren motoci da ke bayan gari a nan jihar Arewacin Karolina ta Amurka, tafiyar minti 40 daga gidana. Sau 11 na shiga gasa kafin su rufe saboda sanyi. 'Yan uwa da muke haɗuwa a masallacin Juma'a sun yi ta tambayata ko kuɗin da nake kashewa yana biya, wasu kuma suna zaton irin wasan motar nan ne da samari ke yi a titi ranar ɗaurin aure a gida, wanda ya sha jawo asarar rai. Sam ba su haɗa hanya ba. Ita kanta NHRA, babbar ƙungiyar wannan tsere da Wally Parks ya kafa a 1951, an kafa ta ne don a raba matasa da tsere a kan titin jama'a, a kai su wurin da aka killace, da motar asibiti a tsaye.

Filin layi biyu ne miƙaƙƙu, tsawonsu ƙafa 660, wato kashi ɗaya cikin takwas na mil, kimanin mita 201. Manyan filaye da ake nunawa a talabijin rubu'in mil ne, ƙafa 1,320, amma a wannan yanki na kudu maso gabashin Amurka gajeren ya fi yawa. Motata Ford Crown Victoria ce ta 2008, wadda 'yan sanda suka gama da ita aka yi gwanjonta. Injin V8 mai lita 4.6, giya otomatik, nauyinta ya doshi tan biyu. Da ita nake zuwa aiki kullum. A ƙafa 660 tana cin sakan 10 da ɗoriya, alhali akwai motocin da ke zuwa a kan tirela suna yi a sakan 5 ko 6.

Abin da ya sa mai irin motata zai iya karawa da su shi ne tsarin da suke kira biraket. Kafin a tashi, kowane direba zai rubuta a gilashin motarsa, da farin man goge takalmi, lokacin da yake ganin motar za ta yi. Sunansa dayal-in, ni da ɗan yayata da ke raka ni muna ce masa alkawari, don haka yake. Idan na rubuta 10.30 abokin karawata ya rubuta 6.50, kwamfuta za ta kunna mini fitila sakan 3.80 kafin tasa. Da kowa zai tashi daidai ya kuma yi abin da ya rubuta daidai, da tare za mu taka layin ƙarshe. Wanda ya riga isa shi ya ci, da sharaɗi ɗaya: kada motarka ta fi abin da ka rubuta sauri. Ka rubuta 10.30 ka yi 10.29, ka karya alkawari, ka fita ko da ka riga shi da tsawon mota uku. In ku biyun kuka karya, wanda karyarsa ta fi ƙanƙanta shi ke wucewa. Wanda kuma ya tashi kafin koren fitila ya kunno ja, nasa ya ƙare tun a wurin.

Na'urar lokacin filin ita ce abin da zan fara yabawa, kuma ita ce ainihin abin da mutum ke biyan kuɗinsa a kai. Bayan kowane gudu za ka tsaya a wata 'yar rumfa a hanyar dawowa a miƙo maka 'yar takarda kamar rasit ɗin kanti. A jikinta akwai saurin tashinka, lokacin ƙafa 60 na farko, na ƙafa 330, na 660, da gudun motar a ƙarshe, naka da na abokin karawarka gefe da gefe. A duk zuwan da na yi ban taɓa karɓar takardar da lissafinta ya saɓa wa hankali ba. Fitilun tashi, waɗanda suke kira bishiyar Kirsimeti, suna da haske sosai ko da rana tana faɗuwa ta bayansu. A ajinmu na motocin titi, rawaya uku ne ke kunnuwa ɗaya bayan ɗaya da tazarar rabin sakan, sannan kore. Daren farko na jira kore kamar yadda ake yi a danja, takarda ta nuna na makara da sakan 0.540 wajen tashi, an cinye ni tun ban motsa ba. Wani dattijo mai tsohuwar Chevrolet ya leƙa takardata ya ce, "Ɗana, in ka ga kore ka makara. Rawaya ta uku na kamawa ka saki birki." Dalilin shi ne tsakanin ido ya gani, ƙafa ta ɗaga, mota ta motsa har taya ta fita daga hasken na'urar da ke ƙasa a wurin tashi, rabin sakan ɗin ya kusa cika. Agogon gudu kuwa ba ya fara ƙirga sai taya ta bar hasken, saboda haka makarar tashi ba ta bayyana a lokacin motar ko kaɗan, a layin ƙarshe kawai za ka gane an bar ka.

Maganar alkawari ita ta fi cin raina, ita kuma na fi so in daɗe a kai.

Ana ba mu gudun gwaji biyu da rana, wajen ƙarfe uku zuwa biyar, sannan a fara fitar da mutane bayan la'asar sakaliya har cikin dare. Kuskuren da na yi ta maimaitawa a watan farko shi ne in ɗauki lokacin da na yi da rana in rubuta shi da dare. Ranar Asabar ta uku na yi 10.33 da 10.32 a gwaji, na rubuta 10.32, na tashi da kyau, na riga mutumin isa, takarda ta fito da 10.27. Na karya da lamba biyar. Mutanen filin suna kiran kowane 0.01 lamba ɗaya. Ban taɓa komai a motar ba, rana ce ta faɗi. Iska mai sanyi ta fi kauri, iskar da inji ke shaƙa ta ƙaru, ƙarfinsa ya ƙaru. Zafi da laima, waɗanda bazarar Karolina ta tara su duka biyu, su ke kashe wa inji gwiwa. Ni da na yi shekaru ina aikin kanikanci na san wannan a ka, amma ban taɓa ganinsa da lambobi a hannuna ba sai a nan.

Daga ranar na sayi littafi da 'yar na'urar auna yanayi ta hannu. Ɗan yayata ke riƙe da su. Kowane gudu yana rubuta ƙarfe nawa, zafi, laima, da wani adadi da na'urar ke bayarwa wanda ke nuna kamar a tsayin ƙafa nawa inji ke jin kansa, sai layin da na bi, hagu ko dama, da duk lambobin takarda. Bayan gudu kusan 30 littafin ya fara magana. Yanzu yaron kan duba ya ce, "Kawu, iskar nan irin ta daren da muka yi 10.28 ce," in rubuta 10.28 ko 10.27 ba tare da gardama ba.

Littafin ba zai yi amfani ba sai motar tana zuwa layi a hali ɗaya kullum. Mai rabin tanki nake shiga da shi ko yaushe, don galan ɗaya na fetur ya kusa kilo 3 kuma nauyi yana nunawa a takarda. Safaya da jak ina sauke su a wurin da na yi fakin. Iskar taya iri ɗaya, ina aunawa kafin kowane zagaye. Allurar zafin inji sai ta zo wuri ɗaya kafin in shiga, in ta wuce in buɗe bonet in jira. Esi a kashe, wannan ma dokar filin ce, don ruwan da ke ɗiga daga gare ta yana jiƙa wurin tashi. Kududdufin da masu tayar tsere ke shiga su ƙona taya ina kewaye shi, tayar titi tana kwaso ruwa a cikin zanenta ta kai shi layi. Sannan tsayuwa: haske biyu ne a ƙasa, inci 7 tsakaninsu, kowanne da 'yar fitilarsa a saman bishiyar da ke kamawa in taya ta taɓa shi. Ina latsowa a hankali har fitila ta biyu ta kama da ƙyar, in tsaya cak. Ƙarin inci biyu gaba yana gyara saurin tashi amma yana ƙara wa lokacin mota, kuma alkawarin da ka rubuta ya tashi a banza.

Akwai wata dabara da tsofaffin hannu ke yi wadda na gwada na ajiye. Mota tana iya yin 10.28, sai ka rubuta 10.33 da gangan. Kwamfuta ta ba ka ƙarin rata, ka tabbata za ka riga isa, sai a ƙarshe ka waiwaya ka sassauta totur ko ka ɗan taɓa birki, ka tsallaka layi da ɗan abin da ya isa ba tare da ka karya ba. Na ga masu yin wannan kamar suna auna hatsi da mudu, kuma ina girmama gwanintarsu. Amma su galibi su ke biyo baya, abokin karawarsu yana gabansu suna kallonsa ta gilashi tun daga tashi. Ni ne ake bi. Ina kan mil 70 a awa, mota tana taso mini a kan fiye da 100, kuma cikin ƙiftawar ido ake so in yanke ko za ta kamo ni. Sau uku na gwada. Sau biyu na sassauta da wuri aka wuce ni a bakin layi, sau ɗaya na ƙi sassautawa na karya. Ga mai mota maras gudu kuma sabon shiga, ra'ayina shi ne ya rubuta gaskiyar motarsa, ko ya rage lamba ɗaya don tsaro, ya danne totur har ƙarshe. Ba na ɗaga ƙafa sai in na waiwaya na ga mutumin yana can baya sosai, alamar ya makara ko tayarsa ta zame. Taka birki da ƙarfi a ƙarshen layi ma haɗari ne, kuma jami'an filin suna gargaɗi a kai, abin da na ji daɗinsa.

Da wannan tsari na kai zagaye na huɗu sau biyu. Wanda ba zan manta ba shi ne karawata da wata Camaro a watan Satumba. Ya rubuta 7.10, na rubuta 10.29. Ya fi ni tashi, 0.018 ni kuma 0.041. Amma ya yi 7.17, lamba bakwai sama da alkawarinsa, ni na yi 10.31, lamba biyu. In ka haɗa makarar tashi da abin da ya hau kan alkawari, nasa 0.088 nawa 0.061. Na riga shi da 0.027, kimanin mita ɗaya ke nan. Na ji rurin injinsa a kunnena na dama kafin in ga fitilar nasara ta kama a layina. Mutumin ya tako har inda na yi fakin ya ba ni hannu, ya tambayi abin da na yi wa motar. Na nuna masa littafin.

Filin yana da nasa aibu. Babu wanda ke zaunar da sabon zuwa ya yi masa bayani. Ana duba motarka, batir a ɗaure, bel yana aiki, ba ta yoyon komai, a rubuta maka lamba a gilashi, shi ke nan. Duk abin da na koya daga bakin 'yan tsere na same shi. Lasifikar ba ta kai wa ƙarshen wurin fakin, na taɓa kusa rasa zagaye don ban ji an kira ajinmu ba. In injin wani ya fashe ya zubar da baƙin mai a layi, ana iya shafe fiye da awa ana gogewa ana fesa gam. Gyaran dole ne, ban ga laifinsu a nan ba, amma bayan irin wannan jira iska ta canza, raɓa ta fara sauka, kuma ba sa ƙara gudun gwaji. Abin da ya fi ƙona mini rai ya faru a watan Yuli: na rubuta 10.34, mai shigar da lambobi a hasumiya ya sa 10.24. Ban duba allon da ke ƙarshen fili ba na shiga layi. Na rasa lamba goma na rata, aka cinye ni. Da na je ƙorafi suka ce doka ita ce direba ya duba allo kafin ya kunna fitila ta biyu, in ya kunna ya amince. Dokar haka take a filaye da yawa, na yarda, amma ranar da na fara zuwa ya kamata a gaya mini, ko a rubuta ta a allo a bakin layi. Ko haƙuri ba a ba ni ba.

Kuɗin shiga bai kai na cika tankin motar ba, kuma wanda aka fitar a zagayen farko yana iya biyan wani abu ya sake shiga. Hular kwano, a dokar NHRA, tana zama dole ne daga sakan 8.59 zuwa ƙasa a wannan tsawo, amma ni ina sa tawa ko da yake ban kai nan ba. Abincin rumfarsu yawanci naman alade ne, uwargida ke haɗa mana namu a kula tun daga gida. Magariba takan faɗo ana tsakiyar zagaye na ɗaya ko na biyu. Na gaya wa mai tsara layi tun farkon zuwana, yakan mayar da ni ƙarshen jeri, mu shimfiɗa darduma a ciyawa kusa da mota. Bai taɓa ɓata fuska ba, kuma ba wanda ya taɓa damun mu.

A gudu shida na ƙarshe lokacin ƙafa 60 ya fara yawo da lamba uku zuwa huɗu ba tare da iska ta canza ba, abin da motar ba ta yi a da. Ina zargin tayoyin baya, sun tsufa sun yi tauri. Zan canza su, in canza man giya ma, a wannan hutun sanyi, kuma sabbin tayoyi na nufin lambobin tsohon littafin sai an sake tabbatar da su. Filin yana buɗe daren gwaji kafin a fara gasa, in Allah ya kai mu zan je biyu daga ciki da sabon littafi.