Gidan tarihi na Onikan: motar Murtala kaɗai ta biya kuɗin shiga

Jama'a duk wanda harka ta kai shi Ikko don Allah ya ware awa ɗaya ya leƙa gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, ba nisa da dandalin Tafawa Ɓalewa. Kuɗin shiga ba wani abin kuka ba ne. Akwai kayan Nok da na Benin, masu kyau kam, amma ni gaskiya wucewa kawai na yi, motar Janar Murtala ce ta kawo ni.

Baƙar marsandi ce, ga hudojin harsashi nan a jikinta, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. A cikinta su Dimka, sojojin da suka yi yunƙurin juyin mulki, suka buɗe masa wuta ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976 yana hanyar ofis a barikin Dodan, cikin cunkoso, ba jiniya ba ayarin sojoji, har dogarinsa Laftana Akinsehinwa bai tsira ba. Shekarunsa 37 fa! Wata shida da 'yan kwanaki ya yi a mulki amma a ciki jihohi suka tashi daga 12 zuwa 19 kuma aka yanke maganar Abuja.

Sai dai mota ƙarshen labari kawai take ba ka, don haka ka ɗan yi karatu kafin ka je. Mutumin nan ɗan Kano ne da ya yi Barewa ya wuce makarantar soja ta Sandhurst a Ingila, ya je Kongo, kuma a yaƙin basasa shi aka ba runduna ta biyu a 1967, ya fatattaki sojan Biyafara daga Benin. To daga nan labarin ya yi nauyi, don sojojin rundunarsa ne suka kashe fararen hula a Asaba cikin Oktoban shekarar, sannan ya kafe sai an tsallaka Neja ta ruwa zuwa Onitsha duk da an ba shi shawarar kar ya yi, aka yi asarar sojoji ba kaɗan ba. Mu a arewa ba mu cika son faɗin wannan ɓangaren ba, ni kuwa ina ganin ƙaunarsa ba ta hana a faɗa.

Ku tafi da yara, su da suka san fuskarsa a jikin naira 20 kawai. A je da safe kafin go-sulo ya kankama, kuma a tambayi ma'aikata kafin a ɗaga waya ɗaukar hoto.