Na gwada Lichess don bitar wasana na ches, kuma na gano na yi saurin miƙa wuya

Mu a fadarmu ta unguwar Zariya dara da kati aka sani. Ches ya shigo ne ta hannun wani ƙanen abokina, ɗalibi a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, wanda ya zo da allonsa wata rana bayan la'asar. Yanzu shekara guda ke nan muna bugawa kafin shayi na uku ya sauka. Shi ne kuma ya sa mini manhajar Lichess a waya, wata biyu da suka wuce.

Kyauta ce, ba talla ko ɗaya, kuma ba ta cin forfe sosai. Wani ɗan Faransa, Thibault Duplessis, ya ƙirƙiro ta a 2010, da gudummawar jama'a take tafiya. Ana iya juya ta zuwa Faransanci. Amma abin da ya riƙe ni shi ne sashen bitar wasa, inda Stockfish, wato injin kwamfuta mai lissafin ches, ke bin tafiyarka ɗaya bayan ɗaya.

Ga abin da ya faru. Ran wata Asabar yaron nan ya jefo dokinsa kusa da sarkina, ya kama sarki da hasumiya a lokaci guda. Dole sarki ya gusa, hasumiya ta tafi. Raina ya ɓaci, na kwantar da sarkina a kan allo na miƙa masa hannu. Ya dube ni ya ce, "Yaya, tun yanzu?" Na ce ai an gama.

Da dare, da yake yana rubuta tafiyarmu a takarda, na karɓa na shigar da ita cikin manhajar. Rezo ya yi ta yankewa, sai da na fita ƙofar gida kafin binciken ya kammala. Manhajar ta sa wa kuskurena alamar tambaya biyu, wato babban kwaɓa, wannan ban yi musu ba. Abin da ya dame ni shi ne na gaba. Dokin da ya ci hasumiyata a kusurwa ya shiga rami ne, ba shi da mafita, cikin tafiya uku zan kama shi. A lissafin ches hasumiya maki 5 ce, doki 3, soja 1. Ke nan asarar tawa maki 2 ce, kuma mayaƙana sun riga nasa fitowa fili, har injin ya nuna ratar ba ta kai haka ba. Na daɗe zaune a dakali ina kallon allon. Wasan da nake da sauran numfashi a cikinsa na ba da shi saboda zafin rai.

Yaron ya ba ni labarin da ya ɗan sanyaya mini. A gasar Monte Carlo ta 1902, Georg Marco ya miƙa wuya ga Ignatz von Popiel yana zaton zai rasa giwarsa (mayaƙin da ke tafiya a karkace) da aka ɗaure, alhali tafiya guda da giwar nan za ta ba shi nasara. Gwani ne fa wannan.

Sai dai lambar da injin ke nunawa tana buƙatar a fahimce ta. In ya ce an fi ka da 3, yana nufin idan duka ɓangarorin biyu suka yi wasa ba kuskure. Mu kuwa a matakinmu, zanen da ke nuna wanda ke gaba hawa da sauka yake yi kamar hanyar ƙauye da damina. Na bibiyi wasannina goma sha biyu, a cikin biyar wanda aka fi ya dawo ya ci ko aka yi canjaras. Akwai ranar da sarkina kaɗai ya rage, abokin wasana da sarauniya, ya matse ni har ban da gidan gusawa kuma bai kai wa sarki hari ba. Pat ke nan, kunnen doki.

Ban ce a riƙa jan wasa har abada ba. Da nake bugawa da wani malamin lise mai ritaya, wanda ya iya kashe sarki da hasumiya guda ido rufe, sai da na tsayar da shi kusan minti ashirin a wasan da ya mutu, ga magariba ta gabato. Bai ce komai ba, amma ni na ji kunya. Yanzu kafin in taɓa farar tutar nan ta sallamawa a manhajar, ko in kwantar da sarki, ina tambayar kaina ko na ga hanyar da zai bi ya gama da ni, kuma ko na tabbata shi ma ya gan ta.

Ga mai koyo, sashen da ke maido maka da kurakuranka ya ce ka nemo tafiya mafi kyau da kanka ya fi komai amfani a wajena. Matsayin dokin nan na ajiye shi a waya, kuma mun yi alkawari da yaron ran Asabar za mu jera allo daga daidai wurin da na tsaya, mu ƙarasa.