Fanka mai caji a gidan da ke da mai lalurar ƙwaƙwalwa: amfaninta, iyakarta, da lokacin da ya kamata a kashe ta

Fankar da ake nufi a nan ita ce mai tsayawa da ƙafarta, inci 16 ko 18, wadda batirinta ke cikin gindi ko a bayan kai, ana caja ta da wutar NEPA ko da ɗan farantin sola. Ta cika kasuwannin Kano da Kaduna da sunaye irin su Lontor, Qasa da Binatone, kuma ƙirarsu kusan ɗaya ce. A gidan da ake jinyar mai lalurar ƙwaƙwalwa ta cancanci kuɗinta, har ta fi wasu kayan da ake rige-rigen saye. Sai dai kayan dare ce. Da tsakar ranar bazara, cikin ɗakin kwano, tana iya cutar da wanda aka saya wa ita.

Dalilin fifita dare shi ne barci. A 2022 mujallar One Earth ta buga binciken Kelton Minor da abokan aikinsa, waɗanda suka bi barcin mutane fiye da 47,000 a ƙasashe 68 ta hanyar na'urar da ake ɗaurawa a hannu. Sun gano cewa a daren da zafi ya haura digiri 30 mutum na asarar kimanin minti 14 na barci, kuma abin ya fi tsanani ga tsofaffi, mata, da mazauna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Minti 14 ba wani abu ba ne ga mai lafiya. Amma matsakaici ne na dubban mutane, da yawansu masu wuta da na'urar sanyaya ɗaki, kuma bazara ba dare ɗaya ba ce. Ga mai ciwon da likitoci ke kira bipolar, wanda ke hawa sama da zumuɗi sannan ya faɗa cikin baƙin ciki, rashin barci na kwanaki a jere yana cikin sanannun abubuwan da ke tayar da ciwon. Duk mai jinya ya san alamar: mutum ya fara kwana yana zagaya tsakar gida, magana ta yi yawa, faɗa ya ƙaru.

Alƙaluman asibiti ma sun nuna haka. Wani bincike da aka buga a mujallar likitoci ta JAMA Psychiatry a 2022 ya duba zuwan manya sashen gaggawa a Amurka daga 2010 zuwa 2019, ya samu cewa a ranakun da suka fi zafi masu zuwa da matsalar ƙwaƙwalwa na ƙaruwa da kusan kashi 8 cikin 100. Kafin shi, a 2018, Marshall Burke na Jami'ar Stanford da tawagarsa sun nuna cewa ƙarin digiri ɗaya a matsakaicin zafin wata na tafiya da ƙarin kisan kai na kashi 0.7 cikin 100 a Amurka da kashi 2.1 a Meziko. Mafi tayar da hankali shi ne abin da ya faru a lardin British Columbia na Kanada a 2021, inda zafi ya kashe mutum 619 cikin kusan mako guda. Masu sikizofireniya, ciwon ƙwaƙwalwar da kan sa mutum jin muryoyi ko gaskata abin da babu, ba su wuce kashi ɗaya cikin 100 na jama'a ba, amma sun kai kusan kashi 8 na waɗanda suka mutu a kwanakin. Mafi yawan mamatan a cikin ɗakunansu aka same su.

To, fankar za ta kai asuba? Wannan ce tambayar da za a yi a shago, kuma amsarta ba ta jikin kwali. A nemi lambar da ke jikin batir. Idan an ga 12V 4.5Ah, a ninka 12 da 4.5, a samu 54, wato ƙarfin da ya ajiye ke nan a ma'aunin wat-awa. Fankar da ke cin wat 18 a lambar gudu ta ƙarshe za ta cinye shi cikin awa uku. A lamba ɗaya, inda take cin kamar wat 6, za ta yi awa tara a lissafin takarda. Awannin da ake rubutawa da manyan haruffa a kwali na ƙaramar lamba ne, da sabon batir, ba fitila, ba cajin waya. Waya ɗaya idan aka cika ta daga ramin USB na fankar tana ɗauke 15 zuwa 20 daga cikin 54 ɗin nan, kusan sulusi. Fankar mara lafiya ba wurin cajin wayar 'yan gida ba ce, kuma gara a faɗa wa kowa tun ranar farko.

Mai batir 12V 7Ah, wanda ke ba da 84, ita ce mafi ƙanƙantar da za ta riƙe dare a lamba biyu ba tare da an tatse ta ƙarƙaf ba. Tatsewar nan ita ke kashe batirin dalma. Idan ana barin sa ya mutu murus kowane dare, sannan ya wuni babu caji, wani farin gishiri na taruwa a farantansa na ciki, cikin 'yan watanni sai a ga fankar da ke yin awa shida ta koma awa ɗaya. Zafi ma na cin sa: duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage kusan rabin rayuwarsa. Saboda haka farantin sola ne ke zama a rana, fankar kuma a inuwa, a haɗa su da doguwar waya. Mai batirin litiyom ta fi tsada, ta fi sauƙin ɗauka, ta fi jure tatsewa, amma ita ma ba a caja ta a wurin da ya haura digiri 45.

Farantin da ke zuwa cikin kwali sau da yawa ƙarami ne. Na wat 10 ba ya tara fiye da wat-awa 35 zuwa 40 a wuni, bai isa ya cika ko ƙaramin batir ba. Na wat 20 yana ba da kimanin 70, idan ana share masa ƙura. Kafin a sauya shi da babba a duba ƙarfin wutar da aka rubuta a bakin ramin caji, domin farantin da ya fi ƙarfin allon wutar da ke cikin fankar yana ƙona allon.

Yanzu ga iyakarta, wadda mai shago ba zai faɗa ba. Fanka ba ta sanyaya iska, tura ta kawai take yi. Zafin fatar mutum kusan digiri 35 ne. Idan iskar ɗaki ta wuce haka, duk wadda fanka ta turo zafi take ƙara wa jiki, kuma abin da ke ceton mutum shi ne bushewar gumi. A iska mai danshi, irin ta gab da faɗuwar damina, gumi na zama a fata yana tsiyaya, sai fanka ta taimaka ya bushe, jiki ya yi sanyi. A busasshiyar iskar Maris da Afrilu kuwa gumin na bushewa da kansa tun kafin a gan shi, fanka ba ta da abin da za ta ƙara sai zafi. Masu bincike a Jami'ar Sydney ƙarƙashin Ollie Jay sun gwada wannan a 2019. A digiri 40 da danshi kashi 50, fanka ta rage zafin jiki da bugun zuciya. A digiri 47 da danshi kashi 10, ta ƙara duka biyun. A 2024 an sake gwaji da tsofaffi, aka buga a mujallar New England Journal of Medicine: a digiri 45 da danshi kashi 15, fanka ta ninka nauyin da zafi ke ɗora wa zuciya har sau uku, alhali jiƙa fata da ruwa ya rage shi.

Wannan yanayin namu ne. Ranar 3 ga Afrilu 2024 garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, cikin azumi, kuma asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga mutuwar mutum 102 a kwana huɗun farko na watan. Masana na ƙungiyar World Weather Attribution sun ce zafi irin wannan ba zai faru a yankin Sahel ba in ba don sauyin yanayi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi amfani da fanka ne kawai idan zafi bai kai digiri 40 ba. Masu binciken Sydney sun ba da nasu iyakokin a 2021: digiri 39 ga matashi mai lafiya, 38 ga tsoho, 37 ga tsohon da ke shan maganin da ke rage gumi. Wannan rukuni na ƙarshe ya shafi gidajenmu kai tsaye. Benzhexol, wanda aka fi sani da Artane ko Exol, yana toshe gumi, kuma shi ake yawan haɗawa da magungunan ƙwaƙwalwa irin su haloperidol ko Largactil don hana sanƙarewar jiki. Largactil ɗin kansa, da amitriptyline, olanzapine da clozapine, duk suna taɓa gumi ko yadda ƙwaƙwalwa ke daidaita zafin jiki. Mai shan su na iya zama a ɗaki mai zafi da riga biyu bai ce komai ba, bai kuma nemi ruwa ba. Ko da ba tsoho ba ne, a riƙe digiri 37 a matsayin iyakarsa.

Shi ya sa fankar ba ta cika ba sai da abu biyu masu araha: ɗan ma'aunin zafi da danshi mai batir, a rataye shi daidai tsayin gado nesa da taga, da kwalbar feshi. Idan ma'auni ya nuna ƙasa da 37, a kunna fanka a fesa ruwa a hannuwa, ƙafafu, wuya da ƙirji, a maimaita da zarar fata ta bushe, kamar kowane minti biyar zuwa goma. Idan ya haura kuma iska busasshiya ce, a kashe fanka, a jiƙa riga mara nauyi da ruwa kamar rabin lita a sa masa, a zuba ruwan randa a bokiti ya tsoma ƙafafu har ƙauri, in da hali a fito da shi rumfa ko zaure. Da dare kwano da bulo na riƙe zafi har bayan isha, don haka fankar da aka ajiye a bakin taga tana jawo iskar waje ta fi wadda ke juya ta cikin ɗaki. Gidan sauro na tare iska sosai. A matso da fankar kusa da shi, a tsayar da kanta ya daina juyawa, amma kada a cire gidan sauron.

Abubuwan da suka fi lalacewa ƙanana ne: giyar roba da ke juya kai, wadda ke gutsurewa idan ana murɗa kan da hannu, da ramin caji da ke saki, sai wuyan da ke tsagewa idan ta faɗi. Kafin a biya a tambaya ko ana buɗe gidan batir da sukurdireba, kuma ko ana samun irinsa a kasuwa. A kunna ta a shago a lamba ɗaya a saurara. Wasu na da ƙarar "tit" duk lokacin da aka taɓa maɓalli ko wuta ta dawo, wasu na da shuɗiyar fitila da ba ta mutuwa. Ga mai jin muryoyi ko mai yawan firgita wannan ya isa ya hana shi barci. Fitilar ana rufe ta da baƙin salatif, ƙarar kuwa sai mai gyara ya cire abin da ke yin ta.

Kada a dakatar da magani ko a rage shi saboda zafi ba da izinin likita ba, amma a je a tambaye shi tun watan Fabrairu, musamman idan mara lafiyar na son yin azumi. Mai shan maganin lithium, wanda ake ba masu bipolar, na buƙatar kulawa ta daban, domin idan ruwan jiki ya ragu maganin na taruwa a jini. Karkarwar hannu mai ƙarfi, amai, gudawa da tangaɗi alamun hakan ne, kuma na asibiti ne a ranar.

Haɗarin da ya fi yaudarar iyali shi ne bugun zafi, don yana kama da tashin ciwo. Mutum ya rikice, maganarsa ta sarƙe, ya daina gane mutane, sai a ce abin nasa ne ya motsa, a rufe shi a ɗaki ko a ƙara masa ƙwaya. A taɓa jikinsa tukuna. Idan ya yi zafi rau, a cire masa kaya, a kwarara masa ruwa tun daga wuya har ƙafa, a yi masa fifita ko a kunna fankar a kan jiƙaƙƙen jikin, a ci gaba da zuba ruwan a cikin mota har a isa asibiti. Idan ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa a baki, kuma a tafi da kwalayen magungunansa duka a nuna wa likitan da ya karɓe shi.