Ma'aunin ƙirga kalmomi na Microsoft Word: ya isa a dogara da shi a gasar rubutu?

Kusan kowace gasar gajeren labari tana da iyakar adadin kalmomi. Gasar Commonwealth tana karɓar kalmomi 2,000 zuwa 5,000, ta Bridport da ke Ingila kuwa, a rukuninta na ɗan guntun labari, ba ta yarda a haura kalmomi 250 ba. Marubuta da yawa da ma'aunin Word suke auna aikinsu, don haka ya dace a san yadda yake aiki.

Samunsa ba wuya. Adadin yana nan a ƙasan allo ta hagu, kuma Ctrl+Shift+G yana buɗe cikakken bayani. Abin da ya fi burge ni shi ne idan ka zaɓi wani sashe, sai ya nuna adadin wannan sashen kaɗai. Ta haka ake ware take daga lissafi, tunda wasu gasa, irin su Bridport, ba sa ƙirga shi.

Sai dai Word bai san ma'anar kalma ba. Duk abin da tazara ta raba gaba da baya, kalma ce a wurinsa. Taurari uku da aka jera da tazara don raba fitowa, kalmomi uku ne. Ɗan karan nan (–) idan ya tsaya shi kaɗai, kalma ɗaya ne. A ɗaya ɓangaren, "sannu-sannu" ko "tafiye-tafiye" kalma ɗaya ce tak saboda karan ɗori. Wanda ya saba rubuta "ya na" maimakon "yana" kuwa yana ƙara wa kansa kalma a banza, kuma a labari mai tsawo irin wannan kuskuren yakan taru ya ture mutum bayan iyaka. Gyaran ƙa'idar rubutu kawai ya isa ya dawo da shi ciki.

Akwai kuma wani ɗan akwati a tagar da Ctrl+Shift+G ke buɗewa, wanda ke sanya bayanan ƙasan shafi cikin lissafi. A duba shi. Google Docs ba ya ƙirga irin waɗannan bayanai ko rubutun saman shafi, shi ya sa rubutu ɗaya kan ba da adadi biyu a manhajojin biyu.

A ganina Word ya cancanci zama abin dogaro, amma ba a kai shi bakin iyaka. Idan an ce 1,500, a tsaya wajen 1,480, domin ba lalle ma'aunin masu gasar ya yi daidai da naka ba. Ra'ayin nan na cewa ana yafe kashi goma cikin ɗari, kada a gina a kansa sai dokar gasar ta faɗe shi a rubuce. "Kada ya wuce" na nufin ko kalma ɗaya na iya fitar da labari kafin alƙali ya karanta layin farko. Kuma a tuna da iyakar ƙasa: labarin da ya gaza 2,000 a gasar Commonwealth ya saɓa doka kamar wanda ya haura 5,000.