Garejin da ya tashi injin babur ɗina mai ƙafa huɗu bayan ya sha ruwa

Babur ɗin mai ƙafa huɗu ne, silinda ɗaya, da shi nake zagaya gona ina jan 'yar tirela. Ƙanena ya shiga rafi da shi, ruwa ya kai akwatin matatar iska, inji ya mutu. Ya danna sitata don ya fito, aka ji ƙas, shi ke nan.

Bakaniken farko ko fulogi bai kwance ba ya ce inji ya buga, sai dai in nemi wani. A gareji na biyu, wanda nake magana a kai, ogan bai ce komai ba sai da ya gama aune-aune. Ya cire fulogi, ya juya injin da hannu, ruwa ya yi tsartuwa ta ramin. Ya sauke baƙin mai, ya fito fari-fari, ya yi kauri. Na zaci zai gwada matsin silinda da sitata yadda aka saba, sai ya ce irin wannan injin yana da ɗan abin da ke ɗaga bawul kaɗan lokacin tayarwa, don haka awon yaudara zai yi. Maimakon haka ya hura iska cikin silinda ta ramin fulogi, ya kasa kunne a salansa, da wajen shigar iska, da bakin zuba mai, don ya ji ta ina take zurarewa. Bawul lafiya lau.

Matsalar tana ƙasa. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, saboda haka da fistin ya taso ya tarar da shi, sandar da ke haɗa fistin da karanshaf ce ta ji jiki. Da ya auna iyakar inda fistin ke kaiwa a sama, ya ga ba ya cika. "Malam, zo ka gani da idonka," in ji shi bayan sun raba injin biyu. Lanƙwasar ba ta da yawa, sai da ya jera ta da sabuwa na gane.

Nan ne na yarda da hannunsu. Karanshaf ɗin irin wanda ake matsewa da injin matsi ne, dole a ware shi kafin sanda ta fita, a sake haɗawa, sannan a ɗora shi a juya ana duba agogon awo har ya daina rawa. Da yawa gudun wannan aiki suke, su sa ka sayi sabo ɗungurungum. Silindar kuma mai rufin nikasil ce, wato wani siririn shafi mai tauri a bangon cikinta, ba a yashe ta yadda ake yi wa ta ƙarfe a sa fistin mai ƙarin faɗin milimita 0.50. Ya bi cikinta da farce, ba inda ya maƙale, ya auna, ya ce ta tsira. Sabon ringi kawai, shi ma sai da ya duba gibinsa. Boris ɗin duka ya canza, don tsatsa ta fara kama su. Tsofaffin kayan kuwa a leda aka miƙo mini, ban tambaya ba.

Inda suka gaza: waya. Ka kira har ka gaji, in an ɗauka a ce kaya na hanya. Ranar da suka sa ta wuce sosai. Kuma man akwatunan giyar ƙafafun gaba da na baya ba su duba ba sai da na yi magana, alhali ruwa na shiga nan ta bututun numfashi. Da aka buɗe, na bayan ya gauraya da ruwa. Wanda ya iya daidaita karanshaf bai kamata a tuna masa wannan ba.

Yanzu yana tashi bugu ɗaya, ba hayaƙi, ba ƙara. Sun sa mai mai alamar JASO MA saboda kulocin da ke wanka cikin mai, suka ce kada in ja kaya mai nauyi tukuna, in riƙa sauya gudu, in dawo da wuri a sake juye mai a duba gibin bawul. Akwai ɗan naso a murfin gefen hagu, na ɗauki hotonsa na tura wa ogan, ya ce gaskit ne, za su canza in na kawo shi.