Jesin Sabon Ɗan Wasan NFL: Wacce Za Ka Saya a Abuja, Kuma Yaushe

Zaɓen sabbin 'yan wasa na gasar NFL, wato ƙwallon Amurka da ake jifa da hannu, yana farawa ƙarfe takwas na daren Alhamis agogon gabashin Amurka, ƙarshe-ƙarshen watan Afrilu. A Abuja ƙarfe ɗayan dare ke nan, an riga an shiga Juma'a. Masu bin gasar a nan ba su kai cikin cokali ba idan aka gwada su da 'yan Firimiya, amma akwai su. Duk shekarar da wata ƙungiya ta ɗauki mai cafe ƙwallo mai jinin Najeriya kuwa, kafin kiran assalatu zaurukan WhatsApp sun cika da hoton riga da tambaya guda: nawa za ta iso? Haka aka yi a 2024 da Chicago Bears ta ɗauki Rome Odunze a zaɓi na 9, haka kuma a 2025 da Tampa Bay Buccaneers ta ɗauki Emeka Egbuka a na 19. Dukansu iyayensu maza 'yan asalin Najeriya ne.

Rigar tana da kyau, za mu zo kanta. Amma wannan daren shi ne mafi munin lokacin sayenta.

Rigar da ake miƙa wa ɗan wasa a kan dandamali ya ɗaga wa masu hoto lamba 1 ce a jiki, kuma kowane ɗan zagayen farko na zaɓen da ya hau wurin ita ake ba shi. Ba lambarsa ba ce, alama ce kawai ta zagayen farko. Lambar da za a ba shi bayan 'yan kwanaki ita ma ba ta gama zama ba, saboda a wannan lokacin ƙungiya tana riƙe da 'yan wasa har 90, lambobi masu farin jini duk suna wuyan wasu. Sai ƙarshen Agusta ake zaftare su zuwa 53, a nan ne lambobi ke sakin jiki. Malik Nabers na New York Giants da 9 ya yi atisayen bazarar 2024, dab da fara kakar wasa ya koma 1, lambar da ƙungiyar ta jingine shekara da shekaru don girmama tsohon ɗan wasanta Ray Flaherty, sai da iyalan mamacin suka yarda. Egbuka ma 9 aka fara ba shi. Da aka sallami Kyle Trask mai riƙe da 2, ya karɓi abarsa, dama ita yake sawa a jami'ar Ohio State. Wanda ya yi gaggawa a Mayu ko Yuni ya tashi da rigar da ɗan wasan bai taɓa buga wasan gasa ko ɗaya da ita ba. Dokar lambobin ma ta ƙara dama lissafi. A da mai cafe ƙwallo ba ya wuce 10 zuwa 19 ko 80 zuwa 89. Daga 2021 aka buɗe masa 1 zuwa 49, a 2023 aka ƙara har da 0, sai kowa ya koma farautar lambobin 0 zuwa 9, su kuwa goma ne kacal.

Akwai wani tarkon da ya fi wannan. Marvin Harrison Jr., wanda Arizona Cardinals ta ɗauka a zaɓi na 4 a 2024, an daɗe ba a sayar da rigarsa a hukumance ba saboda takaddamar yarjejeniyar amfani da sunansa. A tsawon wannan lokacin, duk wanda ya nuna maka sabuwar jesin Harrison mai lamba 18 a leda ya ce ta kamfani ce, akwai tambayar da ya kamata ya amsa.

Ihun magoya baya kuma ba abin dogaro ba ne, ko na murna ko na zagi. A 2021 masoyan Cincinnati Bengals sun rabu gida biyu, wasu suna son Penei Sewell ya zo ya kare mai jifansu, ƙungiya ta ɗauki Ja'Marr Chase a na 5. Ya yi ta zubar da ƙwallo a wasannin share fage, aka yi masa ca. Kakar ta ƙare yana da yadi 1,455, wato jimillar tazarar filin da ya ci da ƙwallayen da ya cafe, ƙungiyar kuma ta je wasan ƙarshe na Super Bowl. A 2020 Philadelphia Eagles ta ɗauki Jalen Reagor a na 21, Minnesota Vikings ta bi da Justin Jefferson a na 22. Jefferson ya yi yadi 1,400 a shekarar farko, Reagor kuwa kaka biyu ya yi aka tura shi gaba, masu rigarsa suka ninke ta a ƙasan akwati. Puka Nacua babu wanda ya hana kansa barci dominsa, a na 177 Los Angeles Rams ta tsince shi a 2023, ya cafe ƙwallo 105 da yadi 1,486. Shi ma Egbuka da guna-guni aka tarbe shi, wai ƙungiyar da ke da gwanayen cafe ƙwallo Mike Evans da Chris Godwin masu tsaron baya take buƙata. Wasansa na farko da Atlanta Falcons ya ci biyu, masu guna-gunin suka koma neman riga. Ka bari a buga wasa uku ko huɗu na Satumba. Lamba ta zauna, ka ga yadda ake amfani da shi, rigar kuma ba ta ƙare a kanti ba.

To, ita rigar. Nike ke ɗinka wa NFL tun 2012, bayan Reebok, kuma aji uku ne suka fi yawo. Akwai Game, wadda a kakar 2024 take wajen dala 130. Akwai Vapor F.U.S.E. Limited wajen dala 175, sai Elite, irin ta cikin fili, wajen dala 350. Wannan kuɗin kanti ne a can, ba a sa na aike ba.

Game ita ce ta mutumin Abuja. Yadin foliyesta ne mara nauyi, ɗinkin sakakke, tana sha iska, gumi ba ya daɗewa a jikinta. Suna da lamba bugawa aka yi a kan yadin, ba ɗinki ba, idan ka shafa za ka ji santsi kamar roba mai laushi. Aibinta yana nan a wurin bugun. Lambar gaba da ta baya manya ne, iska ba ta ratsa su, a zafin Maris idan ka zauna a mota daga Kubwa zuwa Area 1 za ka sauka da shatin lambar a bayanka. Limited ta fi ta kyan gani, lambobinta na yadi ne masu kauri da aka manna da zafi, ta fi kama jiki, ta kuma fi nauyi kaɗan. Ga mai zuwa kallo da dare ko mai zama a Jos, ƙarin dala 45 ɗin ba asara ba ne. Elite an yanka ta ne don jikin da zai sa sulken kafaɗa, hannunta gajere mai roba, a jikin da ba sulke sai ta zauna wani iri. Ta ratayewa a bango ce.

Abin da ya fi yaudarar mutane a kasuwar Wuse da shagunan Instagram shi ne ɗinki. Idon mai saye a nan ya saba cewa abin da aka ɗinka ya fi wanda aka buga, masu jabu kuma sun san haka. Mai shago zai ɗauko maka riga mai lambobi ɗinkakku masu ƙyalli, ya danna maka su da yatsa ya ce, "Oga, taɓa ka ji, wannan ba fenti ba ne." Gaskiya ya faɗa, ba fenti ba ne, amma riga mai yankan Game da lamba ɗinkakkiya ita ce babbar shaidar bogi. Juya ta ciki. A ta bogi za ka tarar da farin abu kamar takarda a bayan kowace lamba, zare a tsaitsaye, wani lokaci zare ɗaya ya tsallaka daga harafi zuwa harafi ba a yanke ba. Shimfiɗa ta a kan kanta, lambar za ta yi kumburi, yadin kewayenta ya tattare. Duba garkuwar NFL da ke tsakiyar wuya: taurari takwas ne tun 2008, kuma a miƙe take zaune daidai kan tsinin wuyan. A ta Bears, hannun hagu yana ɗauke da haruffa GSH, sunan George Halas wanda ya kafa ƙungiyar, lambobinta kuma masu lanƙwasa ne, ba masu kusurwa ba. Shuɗinta mai duhu ne har ya kusa baƙi, na bogi yakan yi haske, ruwan lemon ya karkata zuwa ja. Fito da ita rana ka gwada da hoton shafin ƙungiyar, kada ka yarda da fitilar cikin shago. Takardar da ke rataye mai tambari mai walƙiya tana taimakawa, sai dai ita ma ana buga ta.

Ba a ce ta bogi ba ta da amfani ba. Wanda yake son abin da zai sa ranar Lahadi na kaka ɗaya, ya san abin da ya saya, ya biya kuɗin bogi, bai yi wauta ba, musamman a kan ɗan wasan da bai nuna komai ba tukuna. Cuta ita ce a karɓi kuɗin ta asali a ba ka ita. Gwanjon Karmo kuwa ana dace da ta asali a cikinsa, har da tsofaffin Reebok masu ƙwari, amma sabon ɗan wasa ba zai iso dila ba sai bayan shekaru, kuma yawanci waɗanda suka kasa ne ke fara isowa.

Awo na ci wa mutane kuɗi fiye da jabu, domin mayar da kaya Amurka daga nan kusan sake saye ne. Je wurin tela ya auna ƙirjinka da tef, ta ƙarƙashin hammata. A jadawalin Nike na maza, M inci 37.5 zuwa 41 ne, L 41 zuwa 44, XL 44 zuwa 48.5. Game tana da yalwa da tsawo, tana sauka har ƙasan aljihun wando. Idan awonka ya faɗo kan iyaka, ɗauki ƙaramar, sai dai in kana da niyyar ɗora ta a kan rigar sanyi mai hula lokacin hunturu, wanda dama shi ne tsakiyar kaka. A Limited kuma akasin haka za ka yi, ka ɗauki babbar. Idan ka ga farashi ya faɗi ƙasa sosai a shafin hukuma, karanta sunan kayan har ƙarshe kafin ka yi murna, sau da yawa ta yara ce, XL ɗinsu kuma ba za ta shiga magidanci ba.

Wajen oda, shagon NFL na intanet kamfanin Fanatics ke gudanar da shi, akwai kuma na Nike da na kowace ƙungiya. Ba kowane katin naira ke wucewa ba, mai katin dala ya fi samun sauƙi. Riga ɗaya ba ta kai kilo ba, amma masu jigila suna da mafi ƙarancin abin da suke caja, don haka mutum uku ko huɗu su haɗa oda ɗaya ya fi arha nesa ba kusa ba. A tambayi mai jigilar tun farko ko kuɗinsa ya haɗa da na kwastam, kuma har Abuja ne ko Legas kaɗai. Idan rigar ta oda ce tun kafin a buga mata suna da lamba, ranar da aka rubuta ta fitowa daga ma'ajiya ce, ba ta isowa hannunka ba. Hanya mafi sauƙi har gobe ita ce ɗan'uwa mai dawowa hutun Disamba, a lokacin kuma an buga fiye da rabin wasanni 17 na kaka, ka san ko ɗan wasan na gaske ne.

Mai ruwan duhu ta fi fara daɗewa a garin nan. Jar ƙurar hunturu da ruwan burtsatse suna sa fara ta koma ruwan madara a wuya da hammata, bilic kuma ba magani ba ne, yana cin launin lambar.

Wanki shi ne inda yawancin rigunan nan ke mutuwa. A juya ta ciki, ruwan sanyi, omo kaɗan, a cuɗa da hannu a hankali ba tare da an murza lambar ba. Kada a jiƙa ta kwana, kada a matse ta kamar tawul, lanƙwasawar ce ke fara tsaga bugun. A shanya a inuwa tana juye, awa biyu zuwa uku ta bushe idan ba damina ba. Ba ta buƙatar guga ko kaɗan. Idan kayanka mai wanki ke ɗauka, ware ta daga cikin shaddoji ka faɗa masa baki da baki: "Malam, wannan ba buroshi, ba sitaci, kada dutsen guga ya taɓa ta." Shi ya saba da yadin da ke son wuta. Dutsen gawayi sau ɗaya ya hau kan lamba, robar ta narke ta bi ƙasan dutsen, sauran kuma ya shafa ta a farar rigar da ke biye.